Yadda Ake Ɗora Tekscha a Kan Hoto da Manhajar Gyaran Hotuna

Tekscha hoto ne na saman wani abu: tsohuwar takarda da ta yamutse, bango mai tsagu, tsatsar ƙarfe, saƙar yadi, ko ɗigon ruwa a jikin gilashi. Ana shimfiɗa ta a kan hoto a gauraya su, har mai kallo ya ji kamar a jikin abin aka buga hoton. Ɗora ta ba ya cin minti biyu, shi ya sa ake yawan ɓata hotuna da ita. Inda aikin yake shi ne gyara tekschar kanta kafin a gauraya, da hana ta taɓa wuraren da bai kamata ba. Nan zan fi daɗewa.

Kayan aiki

Manhajar da ke aiki da leya. Leya shimfiɗa ce, kamar a jera gilasai masu zane ɗaya bisa ɗaya a leƙa ta sama. Photoshop ya samu leyoyi tun fitowa ta 3.0 a 1994, kuma da shi zan yi bayani. Idan ba ka da shi, GIMP kyauta ce, Photopea kuma a cikin burauza take aiki ba sai ka sauke komai ba, tsarinta ma kusan ɗaya da na Photoshop. Sunayen maɓallai zan rubuta su yadda za ka gan su a allo, domin ka same su ba wahala. Mai kwamfutar Mac ya danna Command duk inda na ce Ctrl, Option kuma inda na ce Alt.

Hoton da za a yi wa aikin, ainihinsa daga kyamara ko waya. Wanda ya bi ta WhatsApp an riga an matse shi, kuma tekscha tana tona asirin matsattsen hoto.

Tekscha biyu ko uku, masu girman da ya kai na hoton ko ya fi. Za ka iya saukewa daga shafuka irin su Unsplash da Pexels, amma ka karanta sharaɗin amfani, musamman idan aikin na sayarwa ne. Wadda aka yi wa alamar CC0, mai ita ya sake ta ga kowa. Ni dai na fi son in ɗauka da kaina. Ka tsaya daidai gaban bangon, kyamara tana kallonsa kai tsaye ba a karkace ba, kuma a inuwa, domin rana mai ƙarfi tana sa gefe guda ya fi ɗaya haske. Idan takarda ce, ka dunƙule ta a hannu, ka warware, ka sa a sikana.

Linzamin kwamfuta ya isa. Allon zane mai alƙalami yana sauƙaƙa aikin buroshi, amma ba dole ba ne.

1. Gama gyaran hoton tukuna

Haske, launi, yanke gefe, goge tabo, duk a kammala kafin tekscha ta hau. Idan ka ɗora ta sannan ka koma gyaran haske, za ka rasa gane ko duhun daga hoton yake ko daga ita. Buɗe hoton, danna Ctrl da J domin a kwafi leyar, ka bar ta ƙasa kada ka taɓa.

Sannan ka dubi hoton da idon basira. Wanda ya fi karɓar tekscha shi ne mai fili a cikinsa: sararin sama, bango mara ado, bayan mutum da ya yi dishi-dishi, fure ɗaya a kan teburi. Hoton da ya cika da mutane da ganyaye da rubuce-rubuce ya riga ya ƙoshi, duk abin da ka ƙara masa hayaniya ce. Irin wannan ka ƙyale shi.

2. Shigo da tekschar

Je File, ka zaɓi Place Embedded, ka nuna fayil ɗin. Za ta sauka a sabuwar leya a saman hoton. Amfanin wannan hanya a kan kwafa da mannawa shi ne tana shigowa a matsayin Smart Object, wato ko ka rage girmanta ka sake ƙarawa sau goma, ingancinta na asali yana nan. A GIMP, File ne sannan Open as Layers.

3. Ja ta ta rufe hoton duka

Ctrl da T, ka ja kusurwoyi har ta wuce gefen hoton kaɗan, ka danna Enter. A Photoshop na 2019 zuwa yau, jan kusurwa yana riƙe daidaiton tsawo da faɗi da kansa. A tsofaffin sai ka danne Shift. Tekscha irin ta siminti ko hazo ba ta damu ba idan ka miƙe ta ta gefe ɗaya. Amma saƙar yadi, bulo, da ɗigon ruwa, da zarar an miƙe su ido yake ganewa.

Ka kula da girma, wanda ake aunawa da fiksel, wato ƙananan ɗigon da suka haɗu suka zama hoto. Idan hotonka fiksel 6000 ne a faɗi, tekschar kuma 1200, ka ja ta ninki biyar ke nan, za ta fito a dagule. A ƙaramin allo ba za ka lura ba, sai ka danna Ctrl da 1 ka ga ainihin girman. Na taɓa aika wani aiki wurin bugawa ban yi wannan dubawar ba. Fuskar ta fito tas, bayanta kuwa kamar an shafa laka da hannu. Tun daga ranar nake duba girman tekscha kafin in duba kyanta. Ga ma'auni: takardar A4 a fiksel 300 kowane inci tana buƙatar 2480 da 3508.

Idan ƙarama ce kawai a hannunka, kwafi leyar ka juya kwafin ta Flip Horizontal, ka haɗa su baki da baki. Mahaɗar za ta ɓace, sai dai wani lokaci zanen yakan fito kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, sai ka goge tsakiyar da Clone Stamp, kayan aikin da ke kwafo wani wuri ya rufe wani da shi.

4. Zaɓi salon gauraya

Yanzu tekschar ta rufe hoton ruf. A saman tagar leyoyi akwai akwati da aka rubuta Normal. Nan ne salon gauraya, wato lissafin da manhaja take yi tsakanin kowane fiksel na sama da wanda ke ƙarƙashinsa. Sun haura ashirin, amma huɗu ne za ka riƙa komawa gare su. Abin da za ka riƙe game da kowanne shi ne launin da yake ɓacewa a cikinsa.

Multiply yana duhunta hoto, fari ne yake ɓacewa. Hasken fiksel yana tsakanin 0, baƙi ƙirin, da 255, fari fat. Salon yana ninka lambobin biyu ya raba da 255. Fiksel mai haske 200 idan ya haɗu da toka mai 128 zai koma wajen 100, rabin haskensa ya tafi. Idan da fari ya haɗu, yana nan a 200. Saboda haka Multiply na tekscha mai haske ne, kamar farar takarda mai ɗan tabo.

Screen kishiyarsa ne: yana haskaka hoto, baƙi ne yake ɓacewa. Duk tekschar da aka ɗauka a kan baƙin fage, hayaƙi, ƙura, ruwan sama, tartsatsi, karce-karcen tsohon fim, da shi ake ɗora ta.

Overlay ya haɗa biyun. Wurin duhu ya ƙara duhu, wurin haske ya ƙara haske, toka ta tsakiya mai 128 kuma ta ɓace. Yana da ƙarfi, yana kuma tsananta launi.

Soft Light ɗan'uwan Overlay ne mai sanyin hali. Da shi nake farawa kusan kullum, musamman a hoton mutum. Sai ya gaza nake hawa zuwa Overlay.

Domin gwadawa da sauri, ɗauki Move Tool da harafin V, ka danne Shift kana buga alamar tarawa ko ta ɗebewa, salon zai riƙa sauyawa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yanke hukunci a nan tukuna. Kusan kowace tekscha tana muni a wannan mataki, dalili kuwa yana mataki na gaba.

5. Gyara tekschar kanta

Wannan ne matakin da sababbin hannu suke tsallakewa. Tekscha tana zuwa da abu uku: zanenta, launinta, da haskenta. Sau da yawa zanen kaɗai kake so, sauran biyun sun biyo shi ne ba da gayyata ba. Ka ɗora tsatsa, hoton duka ya koma ja. Ka ɗora bango mai duhu, hoton ya zama kamar da magariba aka ɗauka. Sai mutum ya yi ta rage ƙarfin leyar, zanen ya tafi, dattin launin ya saura.

Fara da launi. A ƙasan tagar leyoyi danna da'irar nan mai rabi baƙi rabi fari, ka zaɓi Hue/Saturation. Nan take danna Ctrl da Alt da G, domin gyaran ya maƙale a leyar tekscha kaɗai. Za ka ga 'yar kibiya ta nuna ƙasa. Idan ka manta da wannan, hoton gaba ɗaya ne zai rasa launi. Ja Saturation zuwa hagu. Ƙarshen hagu yana cire launin duka. Idan kana son ɗan ɗumin tsohuwar takarda ya saura, tsaya a hanya. A GIMP, zaɓi leyar tekschar ka je Colors sannan Desaturate.

Sai haske. Ƙara gyaran Levels, shi ma ka maƙala shi kamar na farko. Ƙarƙashin tudun nan da ke nuna rabon haske akwai kibau uku. Ta tsakiya za ka riƙa ja, kana kashe idon leyar tekscha kana kunnawa. Abin da kake nema shi ne hasken hoton gaba ɗaya ya zauna yadda yake ko tekschar na kunne ko tana kashe, zanen kaɗai ya riƙa zuwa yana tafiya. Wannan ga Overlay da Soft Light ke nan, inda ake son tekschar ta taru a toka ta tsakiya. Idan Multiply ne, ja kibiyar dama ciki har fagen takardar ya zama fari sosai. Idan Screen ne, ja ta hagu ciki har fagen ya zama baƙi na gaske. In ba haka ba za ka ga wani hazo-hazo ya lulluɓe hoton, baƙaƙen wurare sun koɗe.

Akwai gajeriyar hanya da nake so. Zaɓi leyar tekschar, je Filter, Other, High Pass. High Pass tana mayar da komai toka ta bar ƙananan zane kawai, har bambancin haske tsakanin gefe da gefe tana sharewa. Ja Radius kana kallo: ƙaramar lamba tana barin siraran karce, babba tana barin manyan tabo. A GIMP tana ƙarƙashin Filters sannan Enhance. Aibinta ɗaya: idan duhun gefunan tekschar ne ya ba ka sha'awa tun farko, shi ma zai tafi.

6. Rage ƙarfi

Opacity, wato ƙarfin leyar, yana gefen akwatin salon gauraya. Idan Move Tool na hannunka, buga 5 ya ba ka kashi 50, buga 3 ya ba ka 30. Dabarata ita ce in sauke shi zuwa sifili, in riƙa hawa a hankali har in fara jin tekschar, in tsaya. Wanda ya faro daga 100 yana saukowa, idonsa ya riga ya saba da yawa, zai tsaya da wuri. Yawancin ayyukana suna ƙarewa tsakanin 20 da 50. Idan abin da mai kallo ya fara gani tekscha ce ba hoton ba, ta yi yawa.

7. Kare fuska da mayafin leya

Tsagun bango a kan kumatu ba ado ba ne, kamar ciwo yake fitowa. Dole a janye tekscha daga fata, idanu, haƙora, da duk abin da hoton yake magana a kansa.

Kada ka ɗauki Eraser. Abin da ya goge ya tafi. A maimakonsa, zaɓi leyar tekschar ka danna alamar murabba'i mai da'ira a ciki a ƙasan tagar. Farin akwati zai bayyana kusa da leyar, shi ne mayafin. Ƙa'idarsa: fari yana nunawa, baƙi yana ɓoyewa, toka tana ɓoye rabi. Danna B domin buroshi, D domin launuka su koma baƙi da fari, X domin musanya su. Buroshin ya zama mai laushin baki, Hardness a sifili, ƙarfinsa wajen kashi 20 zuwa 30. Tabbatar mayafin ka danna ba leyar ba, in ba haka ba baƙin fenti za ka shafa wa tekschar. Sai ka riƙa shafawa a fuska sannu-sannu, kana maimaitawa a tsakiya, kana sassautawa wajen gefe. Ka wuce gona da iri, danna X ka mayar da fari.

Ga tarkon da ke nan. Idan tekschar tana ɗauke da launi ko duhu, ka cire ta daga fuska gaba ɗaya, fuskar za ta yi fayau ita kaɗai kamar an yanko ta daga wani hoto an manna, har da wani zoben haske kewaye da kai. Idan ka yi mataki na 5 da kyau, matsalar ba za ta yi yawa ba. Idan kuwa da gangan ka bar launin, to zanen za ka kashe a wurin, ka bar launin. Yadda ake yi: bar mayafin fari, zagaye fuskar da Lasso, sa Feather mai yawa domin bakin ya yi laushi, ka tabbata leyar tekschar ce a zaɓe, sannan Filter, Blur, Gaussian Blur, ka ja har zanen ya narke. Fuskar za ta sha launi ɗaya da sauran hoton, amma fatar sumul.

Fata mai duhu tana buƙatar ƙarin kula da Multiply da Overlay, domin dukansu suna danne inuwa, kuma a inuwar nan siffar fuska take. Ka riƙa duba ƙarƙashin ido da gefen hanci. Da zarar sun cushe sun zama baƙi ɗaya, koma Soft Light ko ka ƙara shafa mayafi.

Idan bayan mutum sarari ne mai haske, akwai hanyar da ta fi buroshi sauri. Danna leyar tekschar sau biyu a gefen sunanta, taga za ta buɗe, a ƙasanta akwai Blend If. A layin ƙasa, wanda ke wakiltar hoton da ke ƙarƙashi, ja baƙar kibiya zuwa dama: tekschar za ta janye daga wurare masu duhu ta zauna a masu haske. Danne Alt ka ja rabin kibiyar domin ta rabu biyu, sauyin ya yi laushi. Idan ba ka raba ta ba, bakin zai fito a kakkarye.

8. Tekscha ta biyu, idan da buƙata

Ana iya jerawa, kowacce da aikinta: ɗaya ta ba da zane a Soft Light, ɗaya ta duhunta gefuna a Multiply. Ni ban cika wuce biyu ba. Mayafin da ka sha wahalar shafawa ba sai ka sake ba: danne Alt ka ja shi zuwa sabuwar leyar, zai kwafu. Ko ka zaɓi leyoyin ka danna Ctrl da G su shiga rukuni ɗaya, ka sa wa rukunin mayafi guda.

Wani lokaci wani babban tabo yakan faɗo daidai kan goshi ko tsakiyar sama. Kafin ka kama gogewa, gwada juya tekschar ta Ctrl da T, dama ta koma hagu ko sama ta koma ƙasa. Sau da yawa shi ke nan.

9. Idan babu tekscha ko babu kwamfuta

Za ka iya ƙirƙirar tsaki-tsaki irin na hoton fim. Buɗe sabuwar leya, je Edit, Fill, ka zaɓi 50% Gray. Sa ta a Overlay, za ta ɓace. Sai Filter, Noise, Add Noise, ka zaɓi Gaussian, ka kunna Monochromatic domin kada ɗigon ya fito da launuka. Bi shi da Gaussian Blur na ƙasa da fiksel ɗaya, ya rage kaifin nan na na'ura. Wannan leya tana da wani amfani ko da kana da tekscha: idan ka sa ta can sama da komai, tana ɗinke fuskar da ka kare da bayan da ya sha zane, su zama kamar abu ɗaya.

A waya, Snapseed tana da Double Exposure. Buɗe hoton, ƙara tekschar a matsayin hoto na biyu, zaɓi salo, rage ƙarfi. Domin kare fuska, shiga View edits, taɓa matakin, ka ɗauki buroshi. Salonta ba su da yawa, kuma ba za ka iya gyara tekschar a ciki ba, don haka ka fara buɗe ta ita kaɗai, ka cire launinta, ka daidaita haskenta, ka adana, sannan ka shigo da ita.

10. Dubawa da adanawa

Tashi ka bar allon na minti goma. Ido yana sabawa da sauri, abin da ya yi maka daidai bayan awa guda kana kallo yakan zama ya yi yawa. Da ka dawo, danne Alt ka danna idon leyar ƙasa, za ka ga hoton asali shi kaɗai. Sake dannawa komai ya dawo. Duba shi a cikakken girma saboda dagulewa da gefen da tekscha ba ta rufe ba, sannan ka ƙanƙantar da shi kamar yadda zai fito a waya. Siririyar saƙar yadi takan haifar da wasu layuka masu rawa idan an rage girman hoto. In ka gan su, ƙara girman tekschar kaɗan ko ka ɗan dusashe ta.

Adana kwafi biyu. Na farko mai leyoyi, PSD a Photoshop da Photopea, XCF a GIMP, domin ranar da za a ce maka a rage kaɗan. Na biyu JPEG ta File, Export, Export As, ka kunna Convert to sRGB idan intanet za shi. Fayil ɗin zai fi na asali nauyi, saboda ƙananan zane ba sa matsuwa da sauƙi. Kada ka rage Quality sosai don ka rama, domin tekschar ce za ta fara farfashewa ta zama ƙananan murabba'ai. Idan nauyin ya dame ka, rage faɗin hoton zuwa fiksel 2000 ko kusa da haka, ka bar ingancin a sama.